Littafin Makau, Sunan Lukman

Duk wanda ya taɓa kiwon ko da akuya ɗaya tsakanin Anka da Bukkuyum ya san babur ɗin Makau, saboda jar kular maganin da ke ɗaure a bayansa da tsohuwar roba. Fulani Dakta suke ce masa. Yakan ce su bari, ba shi da takardar, amma wanda ya dubi fuskarsa a lokacin ya san sunan yana yi masa daɗi.

Abdussamad Barau ne sunansa a takarda, mutumin Duza. Ya gama sakandare da kiredit shida, sai dai babu kemistiri a ciki, babu fizik, babu bayoloji. Ba wai kansa bai ja ba. Malamin kimiyyar da aka turo musu wata uku ya yi, ya ce zai je ganin gida, har yau bai dawo ba. Sai shugaban makaranta ya tattara ajin gaba ɗaya ya mayar da su Tarihi da Addini.

Kabu-kabu yake yi shekarar da gubar dalma ta faɗa wa garinsu. Ana ta binne yara, su kuma awaki suna zagaye wuri ɗaya kamar masu juwa, sai su faɗi. A lokacin ne wata rana Dakta Mainasara, likitan dabbobin gwamnati, ya tare shi a tashar Anka ya ce ya kai shi Duza. Tun daga wannan tafiya ba su rabu ba, shekara goma sha biyar. Da farko riƙe ƙaho ne aikinsa. Daga baya ya koyi allura, ya koyi ɗinki, ya koyi zura hannu cikin saniya ya juya ɗan maraƙin da ya zo a gicciye. Da daji ya lalace da 'yan bindiga, Dakta ya daina shiga ruga, ya nemi canji ya koma Gummi ya buɗe kantin magani. Makau ya ci gaba da shiga shi kaɗai, da maganin Dakta, a ƙarƙashin lasisin Dakta.

Yana da wani babban littafi mai baƙin bango. Duk dabbar da ya taɓa sai ya rubuta ta: ranar, rugar wane, me ya gani, me ya ba ta, ta tashi ko ba ta tashi ba. Shanun kuwa da sunan da masu su ke kiransu yake rubuta su, don Bafulatani ba ya sanin saniyarsa da lamba. A shafin farko ya rubuta da manyan baƙaƙe: AIKIN DAKTA MAINASARA. Sunansa bai fito ko sau ɗaya ba. A yadda aka rene shi, wanda ke ƙarƙashin mutum ba ya jera sunansa da na maigidansa.

To, sai ga sanarwa a rediyo. Wata kwalejin lafiyar dabbobi can birni ta buɗe ƙofa ga irinsu, waɗanda suka daɗe suna aikin amma ba su da darussan kimiyya. Shekara ɗaya ta sharar fage a koya musu abin da suka rasa, sai difloma, wanda ya yi ƙoƙari ya zarce jami'a ya fito cikakken likita. Sharuɗɗan ba su da yawa. Mutum ya kawo littafin aikinsa na shekara biyar, likita mai rajista da ya kula da shi ya sa hannu, kuma kada ya haura shekara talatin da biyar. Kowace ƙaramar hukuma mutum ɗaya. Makau kuwa bayan Babbar Sallah zai shiga ta talatin da shida. Idan bana ta wuce, ta wuce ke nan.

Ya kira Dakta a waya ya gaya masa. Dakta ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Masha Allahu. Kawo mini littafin da fom ɗin. Ni zan kai da hannuna, na san mutane a can."

Da safe yana naɗe littafin cikin leda, matarsa Zaliha tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago kai.

"Baban Asma, ka biya wurin masu hotokwafi tukuna."

"Na mi?"

"Na mi kuwa? Guda ɗaya tak gare ka. Kuma ka rubuta sunanka ga bango, ko da da gawayi na."

Makau ya yi dariya. "Ke dai kin cika tsoro. In tai gaban mutumen da ya koya man riƙon sirinji, in ce ga littahi amma na aje kwahi? Mi zai ɗauka? Cewa ban yarda da shi ba."

"Shi zai gani? Cikin akwatina za ni sa shi."

"Ni zan gani ai."

Ta kakkaɓe rariya a gefen ƙwarya. "Ni dai ko kaza na kai ajiya gidan Inna sai na ɗaura mata tsumma ga ƙahwa. Kuma Inna ta haihe ni."

"Kaza daban, Dakta daban."

"Allah shi sa."

Ya kai littafin Gummi. Dakta ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe shafin farko, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Kai dai Makau, Allah ya yi maka albarka." Har fura ya sa aka damo masa. Makau ya dawo Anka yana jin babur ɗin kamar ba ya taɓa ƙasa.

Sati uku suka wuce. Ya nemo tsofaffin littattafan kemistiri a wurin wani malamin makaranta, yana karantawa a gindin bishiya idan yana jiran a koro shanu daga kiwo. Rabin abin ba ya ganewa, amma yana yi. Ardo Sahabi, dattijon wata ruga da ke yamma da Bukkuyum, ya same shi a haka wata rana, ya ce, "Dakta, wanga karatu na mi ne kuma? Ko saniya ta hwara tambayar takarda?" Makau ya gaya masa. Ardo ya ce to Allah ya ba da sa'a, amma idan an gama a dawo, kada a saba da shanun birni masu cin dusa.

Ran wata Talata da hantsi Makau yana wanke sirinji a zaure sai aka yi sallama. Lukman ne, ɗan ƙanwar Dakta, mai tsaron kantin Gummi. Saurayi ne mai ladabi, ya zauna jarrabawar fita sakandare sau biyu kimiyya tana kayar da shi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya zaro tarin takardu daga jaka.

"Malam Makau, Kawu ya ce in zo ka taimaka mini. Intabiyu ran Litinin ne, kuma wallahi akwai wuraren da ban gane ba. Ka ga nan, an rubuta 'Woɗeye ɗiyar Raneye, sammore, karo na biyu.' Woɗeye ɗin matar mai shanun ce?"

Makau ya karɓi takardun. Rubutunsa ne. Ga inda ruwan sama ya ɗiga ya narkar da tawada ranar da ya kwana biyu yana fama da ciwon huhu a wata ruga. Ga zanen kan yatsansa da jini. Littafinsa ne, an yi masa hotokwafi shafi bayan shafi, tsaf. Ya juya ya dubi na farko. A ƙarƙashin AIKIN DAKTA MAINASARA an ƙara layi ɗaya da rubutun da ya sani kamar nasa: *Wanda ya gudanar: Lukman Sagir.* Ga sa hannu, ga hatimi.

Ya ajiye takardun a kan tabarma a hankali.

"Woɗeye jar saniya ce," ya ce. "Raneye uwarta, hwara."

"Au! To sammore fa, ciwo ne?"

"Lukman, wa ya ce ma na san da wanga zance?"

Saurayin ya dube shi, murmushin ya fara bushewa. "Kawu ya ce kun yi magana. Ya ce kai ka ce ka girma da komawa aji, a ba ni." Da ya ga fuskar Makau, sai ya fara tattara takardun yana zubarwa. "Wallahi tallahi ban sani ba. Malam Makau, wallahi."

Zaliha tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Hularsa kawai ta miƙo masa.

Ranar kasuwa ce a Gummi, kantin cike da masu sayen maganin tsutsa da na kaska. Dakta Mainasara na zaune a kujerar roba a ciki, ya ƙara ƙiba, gemu ya yi fari. Da ya hango Makau sai ya ce wa mutane su ɗan ba shi wuri, ya ja shi bayan kanti inda ake tara kwalaye. Makau ya cire takalmi ya durƙusa, don jikinsa bai san wata hanyar tsayawa gaban mutumin nan ba.

"Ranka shi daɗe, Lukman ya zo."

"Yaron nan ba ya da wayo. Ce masa na yi ya bari sai na kira ka." Dakta ya cire tabarau ya goge. "Zauna sosai, Makau. Ka saurare ni da hankali, kai ba yaro ba ne. Shekararka nawa? Ka je ka zauna da 'ya'yan cikinka kana haddar kemistiri? Shekara ɗaya, da biyu, da biyar ko shida a jami'a. Ka fito da furfura. Iyalinka su ci me?"

"Mun yi wanga lissahi da mai ɗakina. Ta yarda."

"Kai kana da sana'a a hannu. Shi wannan ba ya da komai. Uwarsa kullum tana nan tana mini kuka."

"Sai a ba shi littahina."

"Littafinka?" Dakta ya ɗan ɗaga murya, sannan ya sauke. "Me aka rubuta a farkonsa? Ni na sa ka? Da lasisin wa ka yi aikin? Da saniyar wani ta mutu a hannunka, wa za a kama?"

Makau ya san duk gaskiya ne, kuma shi ya rubuta da hannunsa.

Sai Dakta ya matso, ya sassauta, ya dafa kafaɗarsa kamar yadda yakan yi idan aiki ya yi kyau. "Kuma tsakanina da kai, in ka tafi wa zai shiga dajin? Ni ba na iyawa. Lukman ko hanyar Bukkuyum aka ce ya bi sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Mutanen dajin nan kai kaɗai suke buɗe wa hanya. Rugage nawa ne ke jiran kularka? Ka yi tunanin bayin Allah."

A nan ne Makau ya gane. Ba kukan ƙanwa ne kaɗai ba. Ya waiga ya dubi kwalayen da ke jibge har rufi, rabinsu shi zai ɗaure a babur ya kai inda babu mai zuwa. Ya tuna shirun da Dakta ya yi a waya kafin ya ce Masha Allahu. Ya tuna furar. Ashe tun yana sha an gama shawara.

"Badi sai mu duba maka," in ji Dakta.

"Badi na haura shekarun."

"Au, haka ne?" Ya faɗe ta yana kallon ƙofa, kuma ya sani sarai, don shi ya yi wa Makau waliyyi a ɗaurin aurensa.

Makau ya sa takalminsa. Bai yi sallama ba, karo na farko cikin shekara goma sha biyar.

Ran Alhamis ya shiga motar birni. A kwalejin aka yi ta tura shi daga wannan ofis zuwa wancan har ya dace da mai kula da ɗaukar ɗalibai, wata dattijuwa da ake kira Hajiya Maimunatu. Ta saurare shi ba ta katse shi ba. Ta sa aka ɗauko fayil ɗin Anka, inda aka shigar da sunan Lukman, ga littafin nan mai baƙin bango. Ta buɗe tsakiya, ta rufe rabin shafi da tafin hannunta.

"Ranar sha bakwai ga watan takwas, bara. Me aka yi?"

"Rugar Ardo Sahabi. Ɓaleye, baƙar saniya mai karyayyen ƙaho na hagu, mahaihwa ta hito bayan haihuwa. Na wanke da ruwan ɗumi da gishiri, na barbaɗa sukari ta saɓe, na maida, na yi ɗinki ukku. Ta tashi. Bana ma ta sake haihuwa."

Hajiya ta ɗaga hannunta ta karanta. Ta rufe littafin, ta jingina da kujera.

"Malam Abdussamad, na yarda da kai. Amma bari in gaya maka yadda abin yake, don kada ka fita nan da wani tsammani. In ka rubuta ƙorafi, za mu gwada rubutun, za mu cire yaron, maganar likitan kuma za ta je hukumarsu. Sai dai kai ma ba za ka shiga ba. Dole sai da sa hannun likitan da ya kula da aikinka, kuma gobe ake rufewa. Akwai wani likitan da ya taɓa kula da kai?"

"Babu. Shi ɗai na."

"To ka gani. Ni ban isa in canza wannan ba. In kuma ka yi shiru, yaron zai zo ran Litinin, wataƙila ya ci, wataƙila ya faɗi."

Ta tura masa farar takarda da biro, ta koma kan aikinta.

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya tuna ranar da Dakta ya kama hannunsa ya ɗora a wuyan bijimi, ya ce ji nan, nan jijiyar take. Ya tuna ragon sunan Asma, Dakta ne ya aiko da shi. Sai kuma ya ga Lukman nan da wasu shekaru da farar riga a wata ruga, ana ce masa Woɗeye ba ta cin ciyawa, yana neman matar mai shanu. Ya ɗauki biron. Ya cika shafi guda. A ƙasa ya rubuta Abdussamad Barau Duza, cikakke, sannan ya ƙara *Makau*, don a san dai shi ne.

Hajiya ta jera takardar kusa da littafin. Ba ta ma kira kowa ba, rubutun ya isa.

"Littafin zai zauna wurinmu har a gama bincike," ta ce. "Kana da kwafi?"

"A'a," in ji Makau. "Lukman ad da shi."

Shekarar nan babu wanda ya tafi daga Anka. Aka dakatar da lasisin Dakta Mainasara na ɗan lokaci, kuma kafin takardar ta iso Gummi labari ya riga ta zuwa ko'ina. Sai dai ba yadda abin ya faru ya zagaya ba. A majalisar bakin tasha cewa aka yi, mutum ya tsamo ka daga kabu-kabu, ya yi maka aure, ka kai ƙararsa birni. Wani ya ce ai shi bai samu ba, ya hana yaro. Limamin unguwarsu ya tare shi bayan La'asar ya ce ya kamata ya je ya ba da haƙuri, babba babba ne. Har yayansa na Duza ya aiko cewa ya ja musu abin faɗa. Ba wanda ya tambayi wa ya rubuta littafin. Da ya fara bayani sai a ce, to ai da bakinka ka ce sunansa ne a kai.

Ya kwance jar kular daga babur, ya wanke ta ciki da waje, ya ba direban motar Gummi ya ce a ajiye a ƙofar kanti. Littattafan kemistiri ya mayar wa mai su. Malamin ya ce ya riƙe mana, ai akwai jarrabawar 'yan waje, mutum ko ya kai hamsin yana iya zama. Makau ya ce ya ji, ya gode, ya bar su a kan benci ya fito.

Bayan Sallah da kwana huɗu wayarsa ta yi ƙara da sassafe. Ardo Sahabi ne, iska na kaɗa maganarsa.

"Jam, Dakta. Ɓaleye ta kumbura tun jiya, ba ta tuƙa. Kana tahe?"

"Ardo, ba ni da kula, ba ni da magani. Ba ni da wanda za ni yi aiki da sunanshi."

"Mu mun taɓa ganin wani suna? Kai muka gani. Taho da hannunka, akwai man gyaɗa da kanwa nan."

Makau ya dubi babur ɗin, bayansa fayau, sai shatar roba a jikin ƙarfe. Ya san zai je. Dakta ma ya san zai je, da wannan ya yi lissafinsa tun farko, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan. Zaliha ta fito da gorar ruwa ta rataya masa a madubi.

"Ga ni nan tahe," ya ce. "Amma Ardo, don Allah ka bar ce man Dakta."

"To mi za mu ce maka?"

"Makau."

Ya kashe wayar, ya buga babur sau uku kafin ya tashi.